Fitilar Akwatin Kifi Mai Tsirrai: Haɗa Taka, Amma Ka Sa Mata Linzami

Masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi kashi biyu ne. Akwai wanda kifin kawai ya dama, ya zuba tsakuwa mai launi da furen roba. Shi kowace fitila ya ɗora a kai ta wadatar, tunda kifi ba da haske yake ƙoshi ba. Akwai kuma wanda ya dasa tsirrai masu rai a cikin ruwan, yana son ganin lambu a cikin gilashi. Wannan na biyun shi fitila ta zame wa dole, domin ita ce ranar lambunsa. Shi ne kuma yake cin karo da farashin fitilun da kamfanoni irin su Chihiros da Twinstar da Fluval ke ƙerawa musamman don wannan aiki, waɗanda in aka haɗa da kuɗin dako da canjin dala ba wuya su fi akwatin da kifayen tsada. Daga nan sai tunani ya zo masa: ai ƙwayoyin LED ne aka jera a kan alminiyam, me zai hana in haɗa tawa?

Ina tare da wannan tunani. Inda nake rabuwa da yawancin masu yin sa shi ne dalilin da suke bayarwa, wato za su samu haske ninki uku da rabin kuɗi. Wannan dalili shi ke kashe tsirrai, wani lokaci har da kifin. Ribar fitilar da ka haɗa da hannunka ita ce kana da iko da ita: ka san abin da ke cikinta, kana iya rage haskenta, kana iya sanyaya ta daidai da zafin ɗakinka, in wani ɓangare ya mutu ka canza shi kaɗai, kuma kana iya ɗora ta a kan batir ranar da babu wuta. Wanda ba zai tsaya ya yi waɗannan ba, gara ya tara kuɗinsa ya sayi haɗaɗɗiya.

Me ya sa haske mai yawa ke zama matsala? Manomi ya san amsar ko bai taɓa ganin akwatin kifi ba. Gonar da ba ta da taki, ko kwana ka yi kana ba ta ruwa hatsinta ba zai ƙaru ba. Masana kimiyyar noma biyu na Jamus, Carl Sprengel da Justus von Liebig, sun bayyana wannan tun ƙarni na 19: abin da ya fi ƙaranci cikin buƙatun tsiro shi ke yanke masa iyakar girma. A cikin akwatin kifi, abin da ya fi ƙaranci kusan kullum shi ne iskar kabon, wadda ganye ke haɗawa da ruwa da haske ya samar da abincinsa. Iskar nan saurin yaɗuwarta a cikin ruwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu goma na saurinta a sarari ba. Ruwan da ya daidaita da iskar ɗaki kusan rabin miligiram yake riƙewa a kowace lita, numfashin kifi da ruɓewar datti su ɗan ƙara a kai. Masu busa iskar daga silinda kuwa suna neman wajen miligiram 30 ne a lita. Ka ga tazarar ba ƙarama ba ce.

To in ka haska wa tsiro wuta mai ƙarfi alhali babu iskar da zai haɗa ta da ita, tilasta shi kake yi ya yi gudun da ba shi da guzurinsa. Sai ya tsaya cak, ganyensa ya raunana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙadangaren a nan kuwa gansakuka ce, wadda abu kaɗan ke isar ta. Cikin 'yan makonni gilashi ya yi kore, ganye ya yi gashi, ruwan ya koma kamar miyar kuka. Abin bai tsaya ga muni ba. Da dare gansakuka da ruɓaɓɓen ganye suna shan iskar oksijin ɗin da kifi ke buƙata, ruwa mai ɗumi kuma dama bai riƙe ta sosai: kusan miligiram 9 a lita a digiri 20, amma kusan 7.5 a digiri 30. Shi ya sa a watannin bazara mutum kan tashi da asuba ya tarar da kifayensa sun taru a saman ruwa suna haki.

Yawancin hotunan da ke ruɗar mutane a YouTube da Instagram 'ya'yan salon Takashi Amano ne, mai ɗaukar hoto ɗan yankin Niigata na Japan, wanda ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982 ya rasu a 2015. Babban aikinsa na ƙarshe shi ne wani tanki mai tsawon mita 40 mai ɗaukar ruwa lita 160,000 da ya shirya a gidan kifi na birnin Lizbon a Fotugal. Bayan kowane irin wannan hoto akwai silindar iskar kabon, da takin ruwa da ake ɗigawa a kai a kai, da canjin ruwa, da almakashi. Wanda ya kwaikwayi fitilar kaɗai ya bar sauran, sirdi ya saya ba shi da doki.

Haske nawa ake buƙata?

A zamanin dogayen fitilun nan farare masu gas a ciki, ƙa'idar da ake bi ita ce a ƙirga wat a kan kowane galan na ruwa. LED ta rusa wannan lissafi, domin wat yana faɗa maka wutar da fitila ke ci ne kawai. Ƙwayar Samsung LM301B tana iya ba da lumen sama da 200 a kowane wat in ba a matsa mata ba, alhali tef ɗin LED mai araha yana iya tsayawa ƙasa da rabin haka. Wat ɗaya, haske daban.

Ma'aunin da ya dace da tsiro shi ne wanda ake kira PAR, mai ƙirga ƙwayoyin haske da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 da ke sauka a kan fili a kowace daƙiƙa. Rana tsaka tana ba da kusan 2,000 a wannan ma'auni. Tsirran ruwa masu sauƙi suna rayuwa lafiya da 20 zuwa 30 a ƙasan akwati, wato ɗan abin da bai kai kashi 2 cikin 100 na hasken rana ba. Na'urar auna PAR tana da tsada, don haka a aikace lumen ake komawa, duk da cewa shi don idon ɗan Adam aka tsara shi. Kamfanin Tropica na Denmak, wanda ya daɗe yana noman tsirran ruwa, ya ba da jagora mai sauƙi: lumen 10 zuwa 20 a kowace lita ga tsirrai masu sauƙi, 20 zuwa 40 ga matsakaita, sama da 40 ga masu wuya, waɗanda su dama sai da silinda.

Mu ɗauki akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 36. Lita 65 ke nan, in aka cire tsakuwa da duwatsu a ce 55 zuwa 60. Ga tsirrai masu sauƙi, lumen 1,000 zuwa 1,200 ya isa. Wannan fa hasken ƙwan lantarki ɗaya ne mai wat 12 irin wanda ke falonka. Amma sai ka ga an rataya wa irin wannan akwati fitilar tsakar gida mai wat 50, ana mamakin inda gansakuka ta fito. Garin neman gira an rasa ido.

Shawarata ita ce ka gina fitilar da za ta iya wat 20, ka riƙa kunna ta a rabin ƙarfinta. LED tana ba da haske mafi yawa a kowane wat idan wutar da ke bi ta cikinta ba ta yi yawa ba, ba ta zafi sosai, tana kuma daɗewa. Ƙwayoyi da yawa masu aiki a natse sun fi 'yan kaɗan da ake wa bulala, kuma suna baza haske ko'ina maimakon su ƙona tsakiya su bar kusurwoyi cikin duhu. In wata rana ka sayi silinda, sai ka murɗa ka ƙara, ba sai ka sake sabon gini ba.

Batun launi shi ne inda aka fi yi wa mutane romon baka. Za a nuna maka fitila mai ja da shuɗi, mai haska ɗaki da wani launin shunayya, a ce maka ita ce ta tsirrai. Asalin zancen gaskiya ne: sinadarin kulorofil, koren da ke cikin ganye, in aka tace shi a kwalba ya fi shan haske a wajen shuɗi, kusan nanomita 430 zuwa 450, da wajen ja, kusan 640 zuwa 660. Amma ganye mai rai ba kwalba ba ne. A 1972 wani masani mai suna Keith McCree ya wallafa gwajin da ya yi a kan ganyen amfanin gona iri 22, ya nuna cewa koren haske ma ganye yana aiki da shi sosai. Ƙari a kan haka, kore ya fi ratsa ganyen sama ya kai ga na ƙasa. Fitilar shunayya tana raya tsiro, ban musa ba, amma tana hana ka ganinsa. A ƙarƙashinta ba za ka gane ganyen da ya fara rawaya ba, ba za ka ga fararen ɗigo a jikin kifi da wuri ba. Kuma wa ya ajiye akwatin kifi a falo don ya mayar da falon kamar gidan rawa?

Farar LED ta wadatar. Ita dama shuɗiya ce aka lulluɓe ta da wata hoda mai mayar da wani kason shuɗin zuwa rawaya da kore da ɗan ja, idonmu ya haɗa ya ga fari. Shuɗiyar ƙwayar nan ita ta sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014 (wannan Amanon daban, suna ne kawai ya zo ɗaya da mai akwatin kifi). Raunin farar LED mai sanyin launi, wadda ake rubuta wa 6500K, shi ne jan da ke cikinta kaɗan ne, kuma ruwa ya fi shanye ja a kan shuɗi: a zurfin santimita 40 ruwa mai tsabta kan cinye kusan kashi 15 cikin 100 na jan nanomita 660. Maganin mai sauƙi ne. Layi biyu na 6500K, layi ɗaya na 3000K ko 4000K a tsakiya. In ka samu masu lambar CRI 90 zuwa sama, wato masu fito da launin abu kamar yadda yake a rana, ka ɗauke su ko da sun ɗan fi tsada, don a nan ne jan kifi ke fitowa ja.

Zafi da wuta

Ana yawan cewa LED ba ta zafi. Tana yi. Tsohon ƙwai mai zare yana jefo zafinsa gaba tare da haske, ita kuwa LED a bayanta take tara shi, a wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar gero ba. In ba a zuƙe shi daga nan ba, haskenta ya riƙa dusashewa, launinta ya sauya, ta mutu tun ba a je ko'ina ba. Awa 50,000 da ake rubutawa a kwali, wato kusan shekara 17 in ana kunna ta awa takwas a rana, alkawari ne da aka ɗaura a kan sharaɗin cewa ƙwayar na samun sanyi. Ɗakin da ke Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da zafin waje ke haura digiri 40, bai cikin wannan sharaɗi sai ka shigar da shi da kanka.

Nan ne mai haɗawa da hannu ya fi mai saye dama. Ka je wurin masu haɗa tagogin alminiyam ka nemi guntun da ya rage musu, mai kauri, mai faɗi, tsawon akwatinka. A kansa za ka manna tef ɗin ko ka ɗaure ƙwayoyin da kusoshi, da ɗan man nan fari da ake shafa wa firosesar kwamfuta a tsakani. Kada ka manna a kan katako ko murfin roba. Gwajin kuma ba ya buƙatar na'ura: bayan awa ɗaya da kunnawa ka ɗora yatsa a kan alminiyam ɗin, in ba za ka iya barin sa a kai ba, ƙarfen ya yi kaɗan ko wutar ta yi yawa. Na fi son ƙarfe mai yalwa a kan ƙaramar fanka, domin ƙurar hunturu tana toshe fanka, ranar da ta tsaya kuwa ba sanarwa za ta yi ba.

Tef ɗin da aka lulluɓe da roba mai kauri don hana ruwa, shi ake fara miƙa wa duk wanda ya ce akwatin kifi zai sa wa. Ban ba da shawararsa ba. Robar tana riƙe zafi kamar bargo, da tafiya ta yi tafiya ta koma rawaya. Gara tef tsirara a kan alminiyam, a rufe fuskarsa da siririn filastik mai haske don fantsalin ruwa, a ɗaga fitilar santimita 10 zuwa 15 daga saman ruwa yadda iska za ta riƙa wucewa. Inda ka liƙa waya da dalma ka shafe shi da silikon, amma ka guji mai ɗaci a hanci, mai warin tsami, domin yana cin tagulla.

Sai direba. Ba na mota ba, 'yar na'urar da ke ƙayyade wutar da LED za ta sha. Ka ɗauki bolt a matsayin matsin ruwa a bututu, amfiya kuma yawan ruwan da ke wucewa. Farar LED tana buƙatar kusan bolt 3, amma da ka ƙara mata ɗan matsi kaɗan sai wutar da ke wucewa ta yi tsalle. Mafi muni, idan ta yi zafi matsin da take buƙata yana raguwa, sai ta ƙara sha, ta ƙara zafi, ta ƙara sha, har ta ƙone. Don haka dole a samu mai riƙe mata linzami.

Hanya biyu ce. Mafi sauƙi tef mai bolt 12, wanda kowane yankinsa ƙwaya uku ce a jere da ɗan rizisto. Ukun suna cin kusan bolt 9, riziston ya ƙone sauran ukun a matsayin zafi, wato kusan rubu'in wutarka ya tafi a banza, amma aikin ba wuya, almakashi da adafta mai kyau sun isa. Ɗaya hanyar ita ce manyan ƙwayoyi masu wat 1 ko 3 da direba mai tsayar da amfiya wuri ɗaya, irin jerin LDD na kamfanin Mean Well na Taiwan. Misali, ƙwaya biyar a jere suna buƙatar kusan bolt 15 zuwa 16, tsohuwar cajar laftof mai bolt 19 ta ishe su har da rarar da direban ke nema. Layi biyu irin wannan, kowanne da direbansa mai miliamfiya 350, sun ba ka kusan wat 11, daidai akwatinmu na lita 65. Kowane layi da direbansa, na nanata, domin in ka haɗa layuka biyu a kan direba ɗaya, ranar da ɗaya ya yanke duk wutar za ta koma kan ɗayan.

Ga wanda ke da sola a gida akwai wani tarko da ba a cika faɗa ba. Batirin da ake kira mai bolt 12 ba ya zama a 12. Yayin da fanel ke caja shi da rana yakan kai wajen 14.4. In ka jona tef kai tsaye, riziston da aka lissafa masa bolt 3 zai ga kusan 5, wutar da ke bi ta ƙwayoyin ta ƙaru da fiye da rabi, kuma a daidai lokacin da ɗaki ya fi zafi. Haka tef ke mutuwa cikin 'yan watanni a ce jabu ne. Ɗan allon nan mai daidaita bolt, wanda ke riƙe fitarwa a 12 ko batir ya hau ko ya sauka, shi ne maganin. Ka kuma sa fiyus na amfiya 3 kusa da kan batirin, domin batir in wayoyinsa suka haɗu yana iya mayar da siririyar waya garwashi kafin ka juyo. Lissafin cin wutar kuwa mai daɗi ne: wat 12 sau awa 8 bai kai wat-awa 100 ba, kusan amfiya-awa 8 daga batir, ba tare da an tayar da inbata ba.

Akwai abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa. Ana sayar da wasu faifan LED masu wat 20, 30 ko 50 da ake jona wa wutar gida kai tsaye, babu adafta babu direba na daban. Arahar su ke jan mutane. Wuraren liƙa wayarsu a buɗe suke, ɗauke da bolt 220 zuwa 230, kai kuma kana shirin rataye su taƙi ɗaya daga ruwan da kake tsoma hannu a ciki kowane mako, wataƙila ƙafarka ba takalmi a kan tayil mai laima. Jiƙaƙƙiyar fata juriyarta na iya sauka zuwa wajen om 1,000, wato wuta sama da miliamfiya 200 za ta bi jikinka, alhali birekar kare rai a miliamfiya 30 ake saita ta ta yanke. Araha ba ta ado. Duk abin da zai hau saman ruwa ya kasance bolt 12 zuwa 24. Adafta ta zauna nesa, sama da ƙasa, inda ruwa ba ya kaiwa. Kowace waya da ta fito daga akwatin ka bar ta ta yi lanƙwasa ƙasa da soket kafin ta hau, yadda ɗigon da ya biyo ta zai faɗi ƙasa maimakon ya shiga soket. Gidan da ke da yara kuwa wannan magana ta ninka.

Agogon kunnawa da kashewa yana cikin fitilar, kada a ɗauke shi a matsayin ƙari. Tsiro yana son lokaci tsayayye. Awa shida a rana a watan farko, a hankali a kai bakwai ko takwas. Barin ta tun asuba har bayan isha'i don baƙi su gani gayyatar gansakuka ce. Diana Walstad, wadda littafinta na 1999 a kan akwatin tsirrai marar silinda ya zama abin dogaro ga masu wannan salo, tana raba lokacin gida biyu da hutun 'yan awanni a tsakiyar rana, don iskar kabon ta sake taruwa a ruwan. Tsarin ya dace da mu ta wata fuskar ma: fitila na kashe a lokacin da zafi ya fi tsanani, tana kunne da yamma sa'ad da mai gida ya dawo. Sai dai agogon nan mai faifai da ke juyawa yana tsayawa duk sanda aka ɗauke wuta, bayan kwana uku sai ka ga ya kunna fitila ƙarfe biyun dare. Ka nemi mai lambobi da ɗan batir a ciki, ko wanda ke aiki da bolt 12 daga batirinka.

Rage haske kuwa ɗan maɓallin murɗawa mai tsarin PWM ya isa, wanda ke kunna wutar yana kashewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa yadda ido ba ya gani. Masu son wasa da allo suna iya haɗa ESP32 da agogon DS3231 da tiransisto su sa hasken ya riƙa ƙaruwa a hankali cikin rabin awa. Wannan yana da amfani, domin kifi na firgita in haske ya faɗo masa farat ɗaya cikin duhu. Amma walƙiya da gajimare da hasken wata da ake cika manhajoji da su, tsiro bai san ana yi ba.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, alhali ƙaramar fitilar tsakar gida mai wat 10 fara, rufaffiya, tana raya tsirrai? Gaskiya ya faɗa, tana rayawa, kuma mutane da yawa a duniya da ita suke amfani. In soket ɗinsa na da birekar kare rai, ya rataye ta da ƙarfi yadda ba za ta faɗa ruwa ba, ba ni da ja. Abin da ya rasa shi ne ba ya iya rage ta sai dai ya ɗaga ta sama, haskenta wuri ɗaya yake taruwa, ba ta hawa batir, kuma ranar da direbanta ya mutu sai shara. Haka nan batun araha, ba kullum haɗin hannu ke fin sauƙi ba. Wanda zai fara sayen ƙarfen narka dalma da mita da sauran tarkace saboda fitila ɗaya, lissafinsa na iya ƙarewa kusa da farashin haɗaɗɗiya. Aikin ya fi dacewa da mai gyaran waya ko rediyo, da mai sola, da wanda akwatinsa mai gilashin unguwa ya yanka masa a wani tsawo da babu fitilar kanti da ta yi daidai da shi.

Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa a kan matsakaicin haske shi ne tsirran da suka fi dacewa da mai farawa, da yawansu daga yankinmu aka kwashe su. Anubias barteri, wanda ake yawan samu a shagunan kifin ado a Turai, asalinsa rafukan dazuzzukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru da tsibirin Biyoko ne, inda yake manne da duwatsu a inuwa. Sunansa ma na Charles Barter ne, mai tattara tsirrai da ya biyo ayarin binciken kogin Kwara a ƙarshen shekarun 1850. Ganyensa a hankali yake fitowa, in ka matsa masa haske sai ɗigon gansakuka ya rufe shi. Abin da ake sayarwa da sunan tiger lotus kuwa ɗan gidan bado ne. Kainuwa, dashen Allah, ita ma tana da aiki a nan: tana yawo a saman ruwa, tana shaƙar iskar kabon daga sarari, don haka haske mai ƙarfi bai dame ta ba, tana yi wa na ƙasa inuwa tana kuma tsotse takin da gansakuka za ta ci. Amma wanda zai ɗebo ta daga kududdufi ya yi hattara da ƙananan dodon-koɗi, wasunsu ke ɗauke da cutar tsargiya. Ya sa safar hannu, ya wanke ta, ya ajiye ta a bokiti daban na wasu makonni kafin ta shiga akwati.

Ranar da ka gama haɗawa, ka fara da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin fitilar, awa shida, ka bar ta haka mako biyu ba tare da ka taɓa komai ba. In kara ya riƙa miƙewa siriri, tazara tsakanin ganye da ganye tana faɗaɗa, na ƙasa suna zubewa, ƙara kashi 10. In ka goge gilashi yau, jibi ka ga kore ya dawo, rage kashi 10 ko ka cire awa ɗaya. Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka sake jiran mako biyu, ka yi wa maɓallin alama da biro a inda ka tsaya.